Bishiyar Roba da Faifan Gwauruwa: Ra'ayina Kan Adon Kirsimeti da Kyautarta

  

Maganar da na kawo yau na san ba za ta yi wa 'yan kwamitin ado daɗi ba. Ku gafarce ni, ni ma na yi shekaru a cikin irin wannan kwamiti, kuma laifin da zan faɗa da hannuna a ciki.

A wata shekara, a wata ƙaramar ikkilisiya da ba zan ambaci sunanta ba, muka zauna muka yanke shawara cewa bana majami'armu sai ta yi kama da na birni. Masu sujada duka da yara ba mu cika sittin ba. Aka ɗebi kuɗi daga baiko, aka yi karo-karo aka cika, aka aiki wani ɗan'uwa ya sayo bishiyar roba, da igiyoyin ƙyalƙyali, da balan-balan, da fitilu masu walƙiya. Fitilun nan ba su kama ba sai da aka yi aron janareta, mu da muke zaune a bakin ruwan da ake yin wutar da shi. A wannan makon ne wata gwauruwa cikinmu ta zo da faya-fayai guda takwas da ta saƙa, ta shimfiɗa su a bakin ƙofa bayan sujada, tana neman kuɗin shinkafar biki. Muka yaba aikin, muka ce Allah ya kawo kasuwa, muka wuce. Ko ɗaya ba a saya ba. Kafin watan Fabrairu ƙura ta dusashe ƙyalƙyalin, ɓeraye suka gama da wayar fitilun a ɗakin ajiya. Har yau idan na ga bishiyar roba, fuskar matar nan nake tunawa tana naɗe kayanta.

To, ga ra'ayina a fili. Adon majami'a da kyautar Kirsimeti ya kamata su fito daga hannuwanmu da kasuwanninmu, kuma kuɗin da za a kashe ya faɗa aljihun wanda muke zama benci ɗaya da shi.

Mu duba inda kuɗin yake zuwa. Mafi yawan kayan adon Kirsimeti na duniya ana yin su ne a ƙasar Sin, musamman a wani gari mai suna Yiwu. Daga can sai jirgin ruwa zuwa Legas, sai manyan kasuwanni irin na Anaca, sai mota ta kawo su Yelwa. A kowane zango wani ya ɗora ribarsa da kuɗin mai, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya ga yadda kuɗin ɗaukar kaya ya tashi. Manomin dawa a Shanga ya sayar da buhu, kuɗin ya bi wannan doguwar hanya ya tafi, abin da ya rage masa roba ce wadda ko akuya ba ta ci.

Wani zai ce ai haka Kiristocin duniya suke yi. A nan ne nake so mu ɗan koma tarihi. Bishiyar Kirsimeti al'adar Jamusawa ce. A ƙasarsu lokacin sanyi itatuwa suna zubar da ganye, sai irin wannan guda mai tsini da ke zama kore, sai suka sare ta daga dajin bayan gida suka shigar da ita ɗaki. Ta bazu a Ingila bayan da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, wanda Bajamushe ne, tsaye da 'ya'yansu kewaye da ita a 1848. Wato mutanen nan abin da ke bakin ƙofarsu suka ɗauka. Haka ma kwaikwayon wurin haihuwar Yesu da 'yan'uwanmu Katolika suke yi: Faransis na Asisi ne ya shahara da shi a 1223, a wani ƙauye na Italiya mai suna Greccio, kuma abin da ya tara ciyawa ce ta gaske da sa da jaki. Idan da gaske koyi da su muke so mu yi, sai mu leƙa bayan gidajenmu. A watan Disamba mangwaro kore ne, darbejiya kore ce, giginya da kaba suna nan. Akwai ma gawo, itacen da ke yin ganye da rani lokacin da sauran suka bushe, ya zubar da damina. Da ni mai wa'azi ce da na yi wa'azi guda a kansa, sai dai ƙayarsa ba za ta bari a kai shi kusa da yara ba.

Akwai wata damuwa da ta fi wannan nauyi, kuma ban raina ta ba. Wani dattijo ya taɓa ce mini shi ba zai yarda a shigar da ƙwarya majami'a ba, domin da ita ya ga ana shan giya, da ita kuma ake zuba wa Magiro kafin ya tuba. Iyayenmu Kambari da Dukawa da Gungawa da suka karɓi bishara sun sha wahala kafin su rabu da tsohuwar hanya, wasu har iyalinsu sun ƙi su. Wanda bai sha wannan ba kada ya yi musu dariya. Amma Baba, da girmamawa nake cewa, ƙwaryar nan dai da ita uwarka ta dama maka kunu. Allah ne ya tsiro da duma. Ganga ma an daɗe ana gardama a kanta, yau ga Zumuntar Mata tana yabon Ubangiji da tulu da kacau-kacau kowace Lahadi. Inda dattawan wata ikkilisiya suka ga ƙwarya za ta sa wani tuntuɓe, a bar ta. Faifai da tabarma da kara ba su da wannan tarihi.

Kayan aikin ma ba sa buƙatar kuɗi. Tauraro: a samo karan dawa biyar masu tsawo ɗaya, a ɗaure bakunansu da zaren kaba, a manna takardar buhun siminti da aka goge da kokon rogo, a shafa farar ƙasa ko a rina da karan dafi in ana son ja, gangamau in ana son rawaya. Yaran da suka iya ƙera motar kara ba sai an koya musu sau biyu ba. Komin dabbobi kuwa kowane gida da shi. Tumaki da raƙuma yaran Makarantar Lahadi su gina da yumɓu, a lulluɓe tumakin da auduga. A jera faya-fayai masu launi a bangon bayan bagade, a kafa damin dawa da na gero dama da hagu, bayan biki a raba hatsin ga mabukata. Gargaɗi ɗaya: kara da kaba da iskar hunturu abokan wuta ne. Kada a kunna kyandir kusa da su ko kaɗan, a sa fitilar sola ko tocila a cikin tauraron.

Yanzu maganar kyauta. Mun saba tuna zinariyar masana daga gabas, muna mance abin da Luka ya rubuta a sura ta 2, cewa hadayar da Yusufu da Maryamu suka kai Haikali tsuntsaye biyu ne. A Littafin Firistoci sura ta 12 wannan ita ce hadayar da aka yardar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. A gidan talakawa aka haifi Ubangijinmu, mu kuwa muna cin bashi domin bikin haihuwarsa. Na san matan da suka kwashe adashensu na shekara a kan anko, suka shiga Janairu ba kuɗin makaranta. Ina roƙon shugabannin Zumuntar Mata, idan an fitar da atamfa bana, a bar ta ta yi shekara uku, kada kuma a hana wadda ba ta da ita tsayawa a layin waƙa. Tabita ta Ayyukan Manzanni sura ta 9, da ta mutu, abin da gwauraye suka nuna wa Bitrus tufafin da ta ɗinka ne da hannunta.

Babbar kyautarmu a ƙasar Yauri kuwa ita ce kwanon abincin da ke ƙetare katanga. Mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi. Da Sallah suna aiko mana da nama, da Kirsimeti mu aika musu da shinkafa da cincin. Wannan kai da kawowa ya kashe wutar da ba mu ma san ta taso ba. Gidaje da yawa sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka akuyar biki domin kowa ya ci da kwanciyar rai. Na ji matasa suna cewa wannan tsoro ne ko rashin bangaskiya. Ni ban gani haka ba. Wanda ya dafa wa baƙo, abin da baƙon zai iya ci yake dafawa, Bulus kuma ya yi dogon bayani a Romawa 14 kan kada abinci ya zama sanadin tuntuɓe. Abin da na fi so a gyara shi ne yadda muke aikawa. A da kwano ne da faifai a kai, yaro ya kai, a zauna a gaisa, kwanon ya dawo da 'yar gyaɗa ko goro. Robar da ake zubarwa ba ta dawowa, saboda haka gaisuwa ta biyu ta ɓace.

Ban ce kada a sayi komai ba. 'Yan'uwanmu masu shaguna su ma da wannan watan suke biyan haya, yara kuma suna son abu mai walƙiya, kuma Disamba lokacin sussuka ne da aikin lambun albasa, ba kowa ke da sukunin saƙa ba. In za a saya, a sayi abin da zai kai baɗi. Gidan sauro, fitilar sola ta karatu, Littafi Mai Tsarki ga wanda aka yi wa baftisma bana. Wanda ɗan'uwansa ke shiga jirgi zuwa kasuwa, ya saya masa rigar kariya ta ruwa. Ba mu mance da ranar 26 ga Mayu 2021 ba, da jirgi ya nutse kusa da Wara da mutane fiye da ɗari a ciki.

Sai littattafan girki, waɗanda yanzu ake yawan ba amare. Na duba da dama cikin waɗanda ake sayarwa a tasha. Wasu suna da amfani wajen cincin da kek, amma yawanci an rubuta su ne domin mai obin da ma'aunin giram da firji. Mu da mudu muke awo, da gwangwanin madara da ludayi, kek ɗinmu kuma a tukunya da yashi yake gasuwa. Ban ga ko ɗaya da ya san warangi ba, balle yadda ake daka shi a zuba a kunun yaro mai rama.

Littafin da ya burge ni na Turanci ne, More-with-Less Cookbook, wanda wata mata mai suna Doris Janzen Longacre ta tattara a 1976 a Amurka. Mutanen ikkilisiyar Mennonite ne suka aiko da girke-girkensu daga gidajensu da ƙasashen da suke aiki, a lokacin da ake fama da ƙarancin abinci a duniya, manufar kuma a ci da kyau ba tare da ɓarna ba. 'Yan UMCA za su so su san cewa mishan ɗin da ta haife su, wadda Banfield ya fara a ƙasar Nufe a 1905, daga wannan zuriya ta Mennonite ta fito. Girke-girken ciki da yawa ba za su dafu a murhunmu ba, kayan haɗin ma babu su a kasuwar Yelwa. Dabarar ce abin ɗauka: mata talakawa na ikkilisiya su haɗa abin da suka sani ya zama littafi.

Mu ma za mu iya, kuma lokaci yana ƙure mana. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tayar da mutane kimanin 44,000, Gungawa da yawa a cikinsu. Yarinyar da take da shekara 15 a lokacin, wadda ta ga yadda uwarta ke girki a kan gungu, yau ta haura 70. Jikokinta da yawa Hausa kawai suke ji, miyarsu kuma dunƙulen Maggi ne gaba da baya. Idan waɗannan iyaye suka tafi, sunayen ganyayen miya da harshen Reshe da na Shanga za su bi su, tare da yadda ake banda kurungu ya yi watanni bai lalace ba.

Shawarata ga kowace Zumuntar Mata ita ce a sayi littafin rubutu guda mai kauri. A sa 'yan mata biyu masu sakandare su zauna da tsofaffi a makon biki, lokacin da kowa ya dawo gida. A rubuta sunan abincin da harshen gida, bayanin da Hausa, awon da gwangwani da ludayi. Masu aikin fassara a Salka sun riga sun tsara yadda ake rubuta harsunan Kambari, sai a nemi taimakon wanda ya koya. Idan littattafan suka taru a taron gunduma, a buga su a haɗe, ya zama kyautar amare ta baɗi, ribar kuma ta shiga asusun gwauraye.

Ni na fara nawa. Shafin farko miyar busasshen kifi ce da albasa da daddawa, daga bakin wata tsohuwa a gefen Wara. Da na tambaye ta albasa nawa ake sawa, sai ta dube ni ta ce, 'yata, sai idonki ya yi hawaye sau biyu. Na koma na auna a gabanta, manya shida ne.