KOWA YA TUNA BARA: INA ABINCINMU NA GOMBE YA SHIGA?

Gabatarwa

Hausawa na cewa, "Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba." Ban musa wannan magana ba, sai dai ina ganin akwai tuna baran da ya wuce kwaɗayi ya zama wajibi. Irinsa ne ya sa na ɗauki alƙalami domin in ja hankalin 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu masu nazarin harshe da adabi da al'ada, a kan wani rashi da muke yi a garin Gombe ba tare da kowa ya zo mana gaisuwa ba. Rashin kuwa shi ne na abincinmu. Duk wanda ya tashi a Jekadafari ko Bolari ko Herwagana ko Kumbiya-Kumbiya ko Pantami, in ya zauna ya lissafa abubuwan da ya ci yana yaro, ko waɗanda ya ji iyayensa suna ambato, zai tarar da yawansu yau ko da kuɗinsa a hannu sai ya sha yawo kafin ya samu, wasu kuma ko ya yi yawon sai dai ya dawo da gajiya. Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, mu muka kori abincin nan da hannunmu, kuma abin da aka kora ana iya kiransa ya dawo.

Me muka rasa?

Bari in fara da 'ya'yan itatuwa. Aduwa da goriba da magarya har yanzu ana ganinsu a kasuwa, Allah Ya saka wa masu kawo su. To amma ina ɗinya, wadda kan bar wa yaro baƙin baki har ya kasa musun ya sha? Ina maɗi da alewar da ake yi da ita? Ina tsada da taura da kanya da gwandar daji? Ina garin ɗorawa, mai launin da har Bahaushe ya ara ya raɗa wa launi suna, ya ce ruwan ɗorawa? Yau za ka sami yaro a Gombe ya san ruwan ɗorawa a littafin makaranta, amma bai taɓa ganin ɗorawar ba, balle ya lasa.

In muka koma cikin gida, nan ma labarin ɗaya ne. Ni dai babu abin da nake kewa kamar ɓula, wadda akan ajiye cikin ruwa ta yi kwanaki ba ta lalace ba, sai dai a riƙa sauya mata ruwa, in baƙo ya sauka a ɗumama a ba shi da miyar karkashi ko ta kuka. Ga tuwon dawa da na gero waɗanda aka surfa a turmi, ga tubani da ake naɗewa a ganye, ga wasa-wasa da ɗan malele da kwaɗon ɗinkin da na tafasa. Miya kuwa ba ta cika ba sai da daddawar kalwa ko daddawar batso da ake yi da gurguzu, da ɗan ruwan toka wanda Fulani ke kira cukkuri, sannan a kawo man shanu soyayye a zuba. Wanda ya shigo unguwa da magariba, ƙamshin miya kaɗai ya isa ya gaya masa gidan da ake da tsohuwa.

Hatta abincin gwangwani muna da namu. Manyanmu suna tuna tumatirin Vegfru da ake sarrafawa a kusa da Dadin Kowa, daga tumatirin da manoman bakin kogin Gongola suka noma. Kamfanin ya daɗe da daina aiki. Har yau ana noma tumatir a wannan yanki, in kakarsa ta zo ya yi ta ruɓewa saboda rashin mai saye, alhali matan Gombe suna sayen na leda da aka kawo daga nesa.

Yaya aka yi haka ta faru?

Dalili na farko shi ne bunƙasar gari. Tarihi ya nuna a 1919 aka dawo da hedikwatar masarautar Gombe daga Nafada zuwa Doma, wato inda garin yake a yau. A 1956 aka kafa injin gurzar auduga wanda har yanzu ake kiran unguwarsa BCGA, a 1963 kuma jirgin ƙasa ya iso. Amma babban sauyi ya zo ne bayan 1 ga Oktoba, 1996, ranar da aka cire Jihar Gombe daga Jihar Bauchi, garin ya zama babban birnin jiha. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo, daga baya kuma waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya raba da gidajensu suka sami mafaka a cikinsa. Gonakin da ke kewaye da gari, irin na wajen Tumfure, aka yanka su filaye. Duk wanda ya sayi fili kuwa, abin da yake fara yi shi ne sare itacen da ya tarar a ciki. Wanda ya tsira daga mai gini bai tsira daga mai gawayi ba. Ɗorawa takan ɗauki shekaru kafin ta fara 'ya'ya, kaɗanya ma ta fi ta jinkiri, don takan haura shekara 15, amma gatari yini ɗaya ya ishe shi. Mun sare uwar kalwa, sa'an nan muna mamakin tsadar daddawa. Kwaruruwan da zaizayar ƙasa ta haƙa a tsakiyar unguwanninmu su ma shaida ne a kan abin da muka yi wa itatuwa.

Dalili na biyu ya shafi nono. Gombe ƙasar Fulani ce tun zamanin Modibbo Buba Yero, kuma babu abin da ya kamata ya fi kindirmo araha a cikinta. Sai dai tun annobar bushiya ta 1983 da ta kashe shanu masu ɗimbin yawa a Arewa, ga burtali da makiyaya da gonaki suka cinye, ga rashin tsaro, shanu sun yi nisa da gari. Sakamakon haka, da yawa daga nonon da ake damawa da fura yanzu madarar gari ce aka kwaɓa aka bari ta kwana. Ban ga laifin mai sayarwa ba, domin abin da ta samu ne take kawowa. Amma wanda ya san ɗanɗanon kindirmon ƙwarya, harshensa ba ya ruɗuwa.

Dalili na uku shi ne lokaci da makamashi. Mai karatu, dubi aikin daddawa. Za a dafa kalwa kusan yini guda, a surfa ta a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a zuba a kwando a rufe da ganye ta kwana biyu ko uku har ta yi, sa'an nan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Itace nawa ke nan, ruwa nawa, a garin da ruwan ma saye ake yi? A gefe guda kuma ga dunƙulen Maggi da ire-irensa, a ɓare a jefa a tukunya. Ga taliyar Indomie, wadda ta shigo Nijeriya a 1988, aka fara yin ta a cikin gida a tsakiyar shekarun 1990, minti kaɗan ta dahu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuɗin gas da gawayi da na niƙa suka tashi, uwar gida ta ƙara samun hujjar guje wa duk abincin da zai daɗe a kan wuta.

Dalili na huɗu, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne kunya. Tun lokacin kuɗin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, da shinkafar waje da burodi suka cika kasuwa, muka fara auna wayewar mutum da abin da ke cikin kwanonsa. A da shinkafa abincin Sallah ce, tuwo na kullum. Yau an juya. Ɗalibi zai ci taliya sau uku a rana a ɗakin kwanansa bai ji komai ba, amma in aka aiko masa da daddawa daga gida sai ya ɓoye ta a ƙasan akwati kada a ce masa baƙauye. A wajen biki kuwa, amarya da danginta sun gwammace a raba shinkafa a roba da lemon kwalba, ko da bashi ne, da a ce an ga akushi a gidansu.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta

Na san akwai masu ganin wannan magana ƙorafin ƙoshi ce, kuma suna da hujjojin da ya kamata a saurara. Za su ce mai kewar tuwon surfe ba shi ne ya riƙe taɓarya ba. Gaskiya ne. Iyayenmu mata sun sha wahalar daka da niƙa da hayaƙi, kuma babu mai hankalin da zai ce a mayar da su bakin dutsen niƙa. Za su ce yawancin kayan kwalamar nan 'yan mata ne ke tallansu a lokacin da ya kamata suna aji. Wannan ma gaskiya ne. Za su ƙara da cewa wasu ganyayen, kamar tafasa, tsofaffin da suka ga farin 1973 suna tuna su ne da yunwa, ba da marmari ba.

Amsata ita ce, wahalar daban, abincin daban. Injin surfe da na niƙa sun ɗauke wa mata taɓarya, kuma babu abin da ya hana su surfa dawa da gero kamar yadda suke surfa masara. Ana iya yin daddawa a wuri mai tsabta, a niƙa ta gari, a ƙulla a mazubi mai kyau, babbar mace ta sayar a shago, 'yarta kuma tana makaranta. Yarabawa ba su yar da irunsu ba, Ibo ba su yar da ogirinsu ba, har ƙasashen Turai da Amurka ake kai musu. Mu ne kaɗai za mu zubar da jariri tare da ruwan wanka? A'a, Bahaushe ma cewa ya yi ba a fafe gora ranar tafiya, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ke cikin hatsari

Farko dai lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a rana, alhali kaso mai yawa na dunƙulen ɗanɗano gishiri ne, mu kuma mukan jefa uku ko huɗu a tukunya sa'an nan mu ƙara gishiri. Kalwa kuwa tana ɗauke da sinadarin gina jiki, abin da talakan da ba ya iya sayen nama yake bukata. Ga abin mamaki: mai kuɗin da ya raina gero da acca yana saurayi, shi ne yau yake aikawa a nemo masa su bayan likita ya ce yana da ciwon sukari. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, bisa shawarar ƙasar Indiya, saboda jurewarsu ga fari da amfaninsu ga jiki. Duniya tana zuwa inda muka baro.

Na biyu, wanda ya shafe mu kai tsaye, shi ne harshe. Kowane abinci yana tafe da ayarin kalmominsa. In tuwon dawa ya tafi, zai tafi da surfe da bakace da ɓarza da tsaki da ƙasari da talge da ruɗe. In fura ta koma ta injin markaɗe, ludayi da faifai da maburgi sun bi ta. Yaron da bai san talge ba, yaya malami zai fassara masa karin maganar da aka gina a kan tuwo? Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai ga sunayen abinci birjik waɗanda yau sai an nemo tsohuwa kafin a san ma'anarsu. Kada mu bari ɗanɗanonmu ya koma zama a ƙamus kaɗai.

Mafita

Ba na son in yi kuka in tashi ba tare da na kawo shawara ba. Na ɗaya, mu ɗaliban Hausa, maimakon mu yi ta maimaita batutuwan da aka gaji da su a kundin kammala digiri, mu ɗauki na'urar naɗar magana mu je wurin kakanninmu a Gombe da Kumo da Dukku da Bajoga da Kaltungo, mu rubuta yadda ake kowane abinci da sunansa a Hausa da Fulatanci da Tera da Tangale da Bolanci. Kowace tsohuwa da ta rasu, da girkinta ake binne ta.

Na biyu, a bukukuwan Makon Hausa da na Ranar Hausa ta Duniya da ake yi kowace 26 ga Agusta, kada a tsaya ga rawani da kalangu. A kafa murhu, a gayyato iyaye mata su koyar, a sa gasa tsakanin azuzuwa, maza ma su shiga.

Na uku, duk wani shirin dashen itatuwa, irin shirin Gombe Goes Green da aka ƙaddamar a 2019, ya kamata ya ba ɗorawa da ɗinya da kanya da tsamiya da kuka kaso mai tsoka. Dalbejiya tana ba da inuwa, amma ba a kaɗa miya da ita. Makarantu da masallatai da masu sabon gini kowa ya dasa ko da guda ɗaya.

Na huɗu, mu saya. Mai daddawa da mai dakuwa da mai muruci ba za su ci gaba da sana'ar da babu ciniki ba. Naira ɗarin da ka ba su ta fi dogon jawabi a kan kishin al'ada.

Kammalawa

A taƙaice, ban ce a daina cin shinkafa ko taliya ba, domin Bahaushe bai taɓa ƙin baƙo ba. Alkaki da gurasa ma baƙi ne da suka zo suka zama 'yan gida. Abin da na ƙi shi ne baƙo ya kori mai masauki. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya je hutu, ya zauna kusa da mahaifiyarsa ko kakarsa ya tambaye ta abinci ɗaya da aka daina yi a gidan, ya rubuta yadda ake yin sa, ya sayo kayan haɗi a dafa a ci. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allah Ya sa mu dace, Ya albarkaci ƙasarmu da abin da take fitarwa, amin.