Tsintaccen Kwikwiyo Ba Na Kowa Da Kowa Ba Ne

Bahaushe ya ce tsintacciyar mage ba ta mage. Na rubuta wannan karin magana a littafina ranar da aka koya mana ita a darasin adabin baka, ban san wata rana zan yi gardama da ita ba. Gardamar ta taso ne a daminar da ta wuce, lokacin da na tsinci wani ɗan kwikwiyo a cikin kwata, bayan ɗakin kwananmu. Ya jiƙe sharkaf, kaska ta cika masa kunnuwa, cikinsa kuma ya kumbura saboda tsutsa. Likitan dabbobi ya ce bai wuce mako shida da haihuwa ba. Na sa masa suna Damina.

Dokar ɗakin kwanan ɗalibai ta hana ajiye dabba, kuma ban ga laifin dokar ba. Ƙawayena suka ce abu mai sauƙi ne, in miƙa shi ga duk wanda ya fara nuna yana so, in huta. A nan muka saɓa. A ra'ayina, wanda ya ciro kwikwiyo daga kwata bai gama ceto ba sai ya san gidan da zai kai shi, ya kuma yi wa masu gidan tambayoyi ko da za su ji haushi.

Mutum na farko da ya zo bai tambayi abin da Damina yake ci ba. Ɗaga shi ya yi yana auna nauyinsa a hannu, sannan ya yi mini tayin kuɗi. Kowa ya san ana cin naman kare a wasu sassan ƙasar nan, har akwai sananniyar kasuwar karnuka a Dawaki ta Jihar Filato. Ba na zagin abincin kowa, amma ba don tukunya na shiga kwata ba.

Ta biyu wata mata ce mai fara'a, tana neman abin wasa ga 'ya'yanta ƙanana. Na tambaye ta ko za ta kai shi allurar rigakafin haukan kare. Ta yi dariya, ta ce karen gida ne ake yi wa allura kamar jariri? Wannan dariyar ta fi auna nauyin nan tayar mini da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suke ɗaukarsa. Yara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, don su ne masu wasa da kare, su ne kuma masu ɓoye cizo don tsoron faɗa. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Alhali kuwa rigakafin ba nesa yake ba: ana yi wa kwikwiyo allura idan ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, ta daɗe tana haɗa irin wannan allura. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar. Duk wanda ya ba da kwikwiyo ga gidan da ba za a yi masa allura ba, da hannunsa a cikin abin da zai biyo baya.

Za a ce yawan tambaya zai kori masu so, kare ya rasa gida gaba ɗaya. Akwai gaskiya a ciki, don na ɗanɗana. Mako biyu Damina yana kwana a kwali a shagon wata mai wanki, ni kuma ina raba kuɗin abincina biyu.

Mafita ta zo daga inda ban zata ba. Ni da na koyi Hausa a aji, na ɗauka Bahaushe ba ya shiri da kare ko kaɗan, tun da na ga yadda sunansa yake yawo a cikin zagi. Sai ranar da na je Sabo neman tsofaffin kalmomi don aikin gida, na faɗa wa wani dattijo mai gadi damuwata.

"'Yata, wa ya gaya miki haka?" in ji shi. "Mafarauta da makiyaya da masu gadi irina, da me muke aiki? Ba ma kwana da shi a ɗaki dai, amma hakkinsa yana wuyan mai shi."

Ya tuna mini da labarin da ya zo a hadisi, na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Na ce, "Baba, to za ka karɓe shi?" Ya ce zai karɓa, amma riƙo. Wannan kalma ta burge ni, domin ita ce ake amfani da ita ga yaron da aka ba wani ya rena, kuma mai riƙo ya san amana ce a hannunsa. Sannan ya juyo da tambayoyin kaina: wa zai biya kuɗin allura, kuma sau nawa zan riƙa zuwa dubawa? Duk cikin masu neman Damina, shi kaɗai ya tambaye ni wani abu.

An yi wa Damina allurarsa, takardar tana hannuna, yanzu har ya fara haushi idan baƙo ya taɓa ƙofa. Sai dai riƙo yana da wa'adi. Baba zai koma gida noma da faɗuwar ruwan farko, kuma ba zai iya tafiya da shi ba. Idan akwai mai gida mai katanga a cikin masu karatu, wanda zai ciyar da shi, ya sabunta masa allura, ba zai kuma ɗaure shi a rana ba, to ya neme ni a sashenmu bayan darasin nahawu. Ya zo da shirin amsa tambayoyi, nawa da na Baba.