Zuwa ga Masu Koyar da Jamusanci a Fagge da Sabon Gari



Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, wato aikatau mai rabuwa, wanda littattafanmu ke kira trennbare Verben. Ɗalibai masu kaifin kai, waɗanda suka haddace der da die da das babu gargada, a nan suke cijewa. A ganina ba harshen ne ya fi ƙarfinsu ba, hanyar da muke bi da su ce ta yi zagaye. Mukan ɗauko Jamusanci mu ratsa da shi ta Turanci, sannan mu miƙa wa yaron da Hausa ce a bakinsa tun yana goye. Shi kuwa Turanci ba ya son aikatau ya yi nisa da guntunsa, shi ya sa za ka ji ɗalibi ya ce Ich rufe an meinen Bruder, ka gyara masa yau, gobe ya maimaita.

Daidai shi ne Ich rufe meinen Bruder morgen nach dem Unterricht an. A ƙamus kalmar ɗaya ce, anrufen, kiran mutum a waya. A cikin jimla sai ta rabu: rufe ya zauna a gurbi na biyu, an ya tafi can ƙarshe ya jira, duk sauran zancen yana tsakaninsu. Jamusawa na kiran wannan tsari Satzklammer.

To, wa ya kai Bahaushe sanin wannan? Ku rubuta a allo: Ban ga yaron da ka aiko jiya da yamma ba. Sai ku goge "ba" ɗin ƙarshe ku sa wani ya karanta. Duk ajin zai ji maganar ta tsaya a sama, wani ma zai ƙarasa ta da bakinsa ba tare da an tambaye shi ba. Wannan jiran da kunne yake yi, shi ne abin da muke wahalar dasa wa ɗalibi, alhali da shi ya shigo aji. Aikinmu kawai mu nuna masa cewa yana da shi.

Ga yadda nake so ku gwada, da baki, kafin kowa ya buɗe littafi. Ku fara da gajeriyar jimla ku riƙa ja mata tsawo, ɗalibi bayan ɗalibi: Ban saya ba. Ban sayi shadda ba. Ban sayi shadda a Kantin Kwari ba. Ban sayi shadda a Kantin Kwari jiya da La'asar ba. Nan take ku juya: Ich kaufe ein. Ich kaufe heute ein. Ich kaufe heute mit meiner Mutter ein. Ich kaufe heute mit meiner Mutter auf dem Markt ein. Duk wanda ya ƙara kalma, a ciki zai cusa ta, ba a baya ba. Ku bar su su yi ta ja har numfashi ya kusa ƙarewa, domin a doguwar jimla ake mance guntun, ba a gajeriya ba.

Har a wurin sassauci harsunan biyu sun yi kama. Mukan ce Ban zo ba saboda ruwa ya tare ni, mu rufe korewar kafin mu kawo dalili. Haka Bajamushe yake cewa Ich rufe dich an, wenn ich Zeit habe. Guntun yana rufe nasa ɓangaren ne, ba ya tsallake waƙafi.

Amma kada ku ɓoye musu inda kamannin ya ƙare, domin nan ne hatsarin yake. A Hausa "ba" ɗin farko ya riga ya sanar da kai cewa korewa ce, na ƙarshe rufewa kawai yake yi. A Jamusanci guntun ƙarshe shi ke riƙe da ma'ana. Hören ji ne, aufhören kuwa dainawa. Er macht das Licht, ba ka san komai ba tukuna: in an ya biyo an kunna fitila, in aus ne an kashe ta. 'Yan kasuwar Fagge za su gane da sauri in kun ce musu aikataun farko kafin alƙalami ne, ciniki bai cika ba sai ciko ya shigo hannu. Ku tuna kuma su wa ke zaune a gabanku. Akwai matar da ke neman shaidar A1 don ta bi mijinta, sharaɗin da Jamus ta kafa tun 2007. Akwai saurayin da ya ji labarin Chancenkarte da aka fara a Yunin 2024. Akwai ma'aikaciyar jinya da ake nema wa B2, wadda wata rana likita zai ce a gabanta Wir setzen das Medikament morgen ab. In ta saki kunne kafin ab, ba za ta san an ce a dakatar da maganin ba, domin da an ne ya zo, fara shi ake nufi. Wannan ya wuce maganar maki.

Ku da ke Sabon Gari, azuzuwanku a gauraye suke, kamar yadda unguwar take tun bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Kada ku ce misalin Hausa zai bar wasu a baya. Yawancinsu da ita suke ciniki a kasuwa. Ɗalibi Bayarbe ma yana da nasa a gida, wanda ya fi namu kusa da na Jamus: kalmar gbagbọ, wato gaskatawa, takan rabu biyu a sa wanda aka gaskata a tsakiya. Ku kira shi allo ya nuna wa 'yan'uwansa.

Inda kalmar ke komawa ta haɗe ba ya buƙatar dogon wa'azi, muddin ɗalibi ya riƙe abu ɗaya: guntun ba ya motsi daga ƙarshe, gangar jikin ce ke zuwa ta same shi. Ich muss früh aufstehen. Ich bin früh aufgestanden. Weil ich früh aufstehe. A duka ukun auf yana inda yake. Shi ya sa ge da zu suke faɗawa tsakiya, kamar a aufzustehen. Jadawali mai dokoki biyar da ake kwafa a allo yana sa ɗalibi ya ɗauka abubuwa biyar ne daban.

Sai batun kunne, wanda muke sakaci da shi ƙwarai. Mai harshen da ke bambanta kalmomi da hawa da saukar murya bai kamata a koya masa wannan darasi a takarda kaɗai ba. Aikatau mai rabuwa a kan guntun ake danna murya: ANrufen, EINkaufen. Wanda ba ya rabuwa, irin masu farawa da be, ver, er, ent da zer, a kan gangar jiki ake dannawa: beZAHlen, verKAUfen. Ku riƙa furtawa suna tafa hannu a inda nauyin ya faɗa. Masu fuska biyu irin su umfahren, wanda kan zama banke abu da mota ko kewaye shi gwargwadon inda aka danna, ku ajiye su sai an kai B1. Darussan Nicos Weg na Deutsche Welle, gidan rediyon da iyayenmu ke sauraren sashensa na Hausa tun 1963, kyauta ne a intanet. Ku kunna a waya, ku tsayar da maganar dab da kalmar ƙarshe, ku ce aji ya cike. Jarrabawar Goethe-Institut tana da sashen saurare, kuma ɗalibin da ya biya kuɗin mota daga Kano zuwa Legas bai cancanci ya faɗi a kan ab da an ba.

Roƙona na ƙarshe a kan littafin kalmomi ne. Ku hana su rubuta aufstehen tsurarta da fassara a gefe. Kowace sabuwar kalma ta shiga da layi uku: yadda take a ƙamus, da jimlar da ta rabu a cikinta, da wadda ta haɗe. Kuma jimlar ta kasance daga rayuwar ɗalibin, lokacin da yake buɗe shago a Wapa, ko lokacin da take tashi daga aikin dare a asibiti. In kun karɓi littattafan ranar Asabar, layi na biyu za ku fara dubawa.

Allah ya taimaka, ya sa albarka a aikinku.

Naku,
Abokin sana'arku a Kano