Taurari Biyar Ba Hujja Ba Ce

Wani ɗalibina ya nuna mini ƙamus na waya da ya saya da kuɗin guzurinsa. Na tambaye shi dalilin zaɓensa, ya ce ai masu saye sun ba shi taurari biyar. Na ce ya nemo mini kalmar “baba”. Ya nemo, ga ta nan tsirara, babu alamar karin sauti, babu ta tsawon wasali. Alhali kuwa baban da ya haife ka daban, baba ƴar'uwar mahaifinka daban, baban da marina ke turawa daban, kuma sauti da tsawon wasali ne ke raba su. Haka kukan yaro da kukar miya. Ƙamus da bai nuna wannan ba ya bar ɗalibin nazarin harshe a tsakiyar hanya, ko taurarinsa sun kai na sama yawa.

Ba na raina shaidar mai saye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya ce manhajar na cinye batir, ko ba ta aiki sai da intanet, ko allon rubutunta ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, to a saurare shi, domin abin da ya gani ya faɗa. Masani ma bai fi shi sanin wannan ba.

Inda nake ja shi ne a ce yawan masu yabo ya isa hukunci kan sahihancin ma'ana. Wanda ya nemi kalma a ƙamus, ai don bai san ta ba ne ya nema. To da wane ma'auni zai gane an ba shi daidai? Abin da yake yabo shi ne sauri da kyan fuska. Mutum dubu da ba su san amsar ba, in sun taru, ba su zama mutum ɗaya da ya sani ba.

A ɗora ƙamus ɗin Bargery na 1934 a wannan sikeli, a ga yadda zai sha kaye: ga nauyi, ga tsufa, ga wuyar bi. Amma masana na komawa gare shi har gobe, tare da na Abraham na 1949 da na Paul Newman na 2007, saboda dukkansu sun kula da karin sauti da tsawon wasali. Da tsohuwar zuma ake magani.

Masani ma a tuhume shi. In ya ce littafi ba shi da kyau, a ce ya kawo shafi da misali. Digiri kaɗai ba hujja ba ce.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, kafin ka zare kuɗinka ka raba tambayarka biyu. Ta farashi da sauƙin amfani, kai wa masu saye. Ta ingancin abin da ke ciki, kai wa wanda ya ƙoshi da harshen. Sannan ka nemi “baba” da kanka.