Sunan Addini Ba Ya Gyara Birki

A Amurka akwai kamfanin gyaran motoci mai suna Christian Brothers Automotive, wanda aka kafa a 1982 a yankin Houston na jihar Texas, yanzu kuma yana da ɗaruruwan rassa. Ba ya ɓoye cewa a kan koyarwar Kiristanci ya ginu. To, wannan ya isa mai mota ya miƙa makulli ido rufe?

A ganinmu bai isa ba, kuma ba zargin kowa muke yi ba. Irin waɗannan rassa kowanne da mai shi, wanda ya sayi izinin amfani da sunan. Allon ƙofa iri ɗaya ne, amma hannun da zai kwance maka birki daban. Sannan a gareji da yawa a can, ana biyan bakanike ne gwargwadon yawan aikin da ya kammala. Ka ga ke nan ƙofar ƙara wa mutum gyaran da ba ya buƙata a buɗe take, ko wane suna aka rubuta.

Mu ma nan mun san shagunan da ke sa ayoyi da sunaye masu albarka a allo. Wasu na riƙe amana, wasu kuwa sai a hankali.

Don haka matashi, kafin a taɓa motarka ko babur ɗinka, nemi farashi a rubuce. Ka ce a nuna maka kayan da aka cire, ka tambayi garanti, ka ji ta bakin wani bakaniken. Mai tsoron Allah na gaske ba zai ji haushin wannan ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.