Ba Girin-Girin Ba Dai, Ta Yi Mai!

Jama'a, akwai mutane iri biyu da suka ishe ni duk lokacin da aka tayar da zancen dandalin fasaha, wato unguwa guda da ake warewa don kamfanonin kimiyya da masu bincike. Na farko su ne masu cewa gwamnati ta cire hannunta, kasuwa kaɗai ta isa. Na biyu kuwa gani suke da an share fili, an tsayar da bene mai gilashi, an yanka ƙyalle, shi ke nan sai ƙirƙira ta tsiro kamar ciyawa da damina. Dukansu kallon kitse suke wa rogo, kuma kuɗin talaka ne ke salwanta a tsakaninsu.

Ku zo mu je Taiwan. A 1973 gwamnatin tsibirin ta kafa cibiyar bincike mai suna ITRI. A 1976 ta biya kamfanin RCA na Amurka kuɗi, ta tura matasan injiniyoyi can suka koyi ƙera 'yar ƙwaƙwalwar nan da ke cikin na'ura, wadda masu gyaran waya ke kira aisi. Da suka dawo aka gina masu ƙaramar masana'anta ta gwaji. Sai a 1980 aka buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu, dab da ITRI da jami'o'i biyu, Tsing Hua da Chiao Tung. Ku lura da tsarin: sai da aka shekara bakwai ana gina mutane kafin a zo kan fili.

To mai cewa gwamnati ta cire hannu, wane attajiri ne a wancan lokaci zai zuba dukiyarsa a sana'ar da babu wanda ya iya ta a ƙasar? A 1987, da Morris Chang zai kafa TSMC a Hsinchu, bayan ya yi wa Texas Instruments aiki shekara 25, asusun gwamnati ne ya zuba kusan rabin jarin, Philips na Holan ya zuba sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Sauran ma sai da gwamnati ta matsa wa attajiran ƙasar kafin suka sa hannu a aljihu.

Kai kuma ɗan a-yanka-ƙyalle, kada ka yi saurin tafi. Abin da ya fi ba da jarin wuya shi ne sakin linzami, kuma gwamnati ta sake shi. Tun a 1980 aka yaye UMC daga ITRI, aka ba shi ma'aikata da fasaha, aka tura shi kasuwa ya ci ko a ci shi. Dabarar da ta ɗaukaka TSMC ma ta ɗan kasuwa ce: ba ya sayar da kayan kansa, na wasu yake ƙerawa, kamar maɗaba'ar da ke buga littafin kowa ba ta rubuta nata. Da haka mai basira da ba shi da kuɗin gina masana'anta ya sami inda zai kai zanensa. A 1997 MediaTek ya fita daga jikin UMC, kuma aisinsa ne a cikin da yawa daga wayoyin Tecno da Infinix da ke hannunmu.

Haka abin ke faruwa. Gwamnati ta ɗauki asarar farko, jami'a ta yi ta aman ƙwararru, waɗanda suka yi aiki a Amurka su dawo gida da saninsu, yaron wannan kamfani ya fita ya buɗe nasa a ƙetaren titi, kasuwa kuma ta kashe wanda ya gaza ba sani ba sabo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai shakka ya dubi Cyberjaya da Mahathir ya ƙaddamar a Malesiya a 1997. An yi tituna, an yi benaye, kamfanonin waje sun buɗe ofisoshi, amma ina TSMC ɗinsu?

Don haka duk shugaban da ya zo ya nuna mana zanen birnin fasaha, mu ajiye tafi mu tambaye shi: injiniya nawa ka horar? Wa zai sayi abin da za su ƙera? Ranar da kamfanin ya tsaya da ƙafarsa, za ka iya sakin linzami, ko ƙaninka za ka naɗa manaja? In ya fara kame-kame, to siminti yake son sayarwa.