Fasahar Ƙwayar Zarra: Kada Dutsin-Ma Ta Zama 'Yar Kallo

Kowace wayar salula da ke hannun manomi a Wurma tana aiki ne da ɗimbin ƙananan makunnan lantarki da ake kira taransista, waɗanda ake ƙerawa da silikon. Shekara da shekaru masana na ƙara ƙanƙanta su, har aka kai matsayin da idan silikon ya ƙara sirancewa wuta kan zurare, na'ura ta ɗauki zafi. Wannan ya sa aka koma neman sinadaran da kaurinsu bai wuce ƙwayar zarra ɗaya zuwa uku ba.

A shekarar 2004, Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchesta a Ingila suka ɓare shimfiɗa mai kaurin zarra ɗaya, wato garafin, daga irin baƙin dutsen da ke cikin fensir, da salatif kawai. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2010. Sai dai garafin ba ya iya datse wuta gaba ɗaya, don haka aka juya ga sinadarin molibdinam da farar wuta. A 2011 masana a Lozan ta Suwizalan suka haɗa taransista da shi, a 2025 kuma Jami'ar Fudan ta ƙasar Sin ta fito da ƙwaƙwalwar kwamfuta mai taransista 5,900 daga wannan sinadari.

Abin lura shi ne, a shekarar 2011 ɗin ce aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Ashe jami'ar da wannan fanni sa'annin juna ne, kuma ƙofar shiga ba ta rufe ba tukuna.

Ba muna cewa a gina masana'antar biliyoyin daloli a Kurfi ba. Amma babban kaso na wannan bincike lissafi ne da ake yi a kwamfuta domin gano halayen sinadari kafin a shiga ɗakin gwaji. Abin da yake buƙata shi ne injuna masu ƙarfi, wutar da ba ta ɗaukewa, intanet, da malaman da hankalinsu ke kwance.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga asusun TETFund da ya samar wa sashen kimiyyar fiziks na jami'ar cibiyar lissafi mai aiki da hasken rana. Gwamnatin Jihar Katsina kuwa ta gyara ɗakunan gwaji na makarantun sakandare a Kurfi da Dutsin-Ma, ta kuma tabbatar da tsaron da zai bar yaran Wurma su zauna a aji, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mun daɗe muna sayar da ma'adinai ɗanye muna sayen na'urori da tsada. Idan muka yi sakaci a wannan karon ma, jikokinmu za su gaji wannan ciniki na asara.